Yadda Mai Juna Biyu da Mai Shayarwa Za Ta Tsara Shan Ruwa, Gishiri da Ƙwayoyin Awo

Mafi yawan abin da jikin mai juna biyu yake buƙata na ruwa da sinadarai ba shi da tsada, domin wani yana cikin tukunyar miyarta, wani kuma ana ba ta shi a wurin awo. Inda aka fi yin asara shi ne wajen lokaci. Ƙwayar folik asid da aka fara sha a wata na biyar ta makara ga babban aikinta, ƙwayar ƙarin jini da aka kora da shayi ba ta shiga jiki yadda ya kamata, ruwan da aka jinkirta sha har sai ƙishirwa ta yi tsanani yana zuwa ne bayan jiki ya riga ya galabaita, kanwar da ake ɗura wa mai jego kuwa tana isa jikinta a makonnin da zuciyarta take da aiki mafi nauyi. Saboda haka bayanin da ke tafe zai bi kowane abu da adadinsa da kuma lokacin da ya dace da shi.

A fara folik asid tun kafin a ɗauki ciki

Folik asid nau'in bitamin ne daga dangin B, wanda jiki yake amfani da shi wajen ƙera sababbin ƙwayoyin halitta da jajayen ƙwayoyin jini. A makonnin farko na ciki akwai wani siririn bututu da yake samuwa a bayan ɗan tayi, wanda daga gare shi ne ƙwaƙwalwa da laka suke fitowa, kuma bututun yana rufewa ne cikin kwana 28 bayan shigar ciki. Wannan ya yi daidai da kimanin mako biyu bayan mace ta ga al'adarta ba ta zo ba, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Idan bututun bai rufe daga ƙasa ba, sai a haifi jariri da buɗaɗɗen ƙashin baya, sau da yawa da wani ƙullutu a gadon bayansa, abin da kan jawo shanyewar ƙafafu da kasa riƙe fitsari da bayan gida. Idan daga sama ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa ba ta kammaluwa, kuma irin wannan jariri ba ya rayuwa.

A shekarar 1991 wani babban bincike da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta jagoranta ya nuna cewa folik asid ya rage sake aukuwar wannan lahani da kusan kashi 70 cikin ɗari a tsakanin matan da suka taɓa samun ciki mai irinsa. Tun daga 1998 Amurka ta wajabta zuba shi a cikin garin fulawa da makamantansa, domin ya isa jikin mace ko da ba ta shirya ɗaukar ciki ba. Wannan dabara ba ta kai wa ga gidan da ake kai gero ko dawa ko masara inji a niƙa, wanda kuwa shi ne yawancin gidajenmu, don haka ƙwayar ce abin dogaro.

Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar shi ne maikirogiram 400 a kullum, wato miligiram 0.4. A fara aƙalla wata guda kafin ɗaukar ciki, in da hali wata biyu ko uku, a ci gaba har ƙarshen cikin. Tun da ba kowace mace ce take sanin watan da za ta ɗauki ciki ba, hanya mafi sauƙi ita ce duk matar aure da ba ta amfani da wata hanyar tazarar haihuwa ta mayar da ƙwayar abin sha na kullum, amarya kuma ta fara tun ana shirye-shiryen biki. A ganina wannan ya fi muhimmanci ga mai cikin fari, wadda kunya kan hana ta faɗa wa kowa har sai ciki ya fito, sannan a kai ta awo a wata na biyar ko na shida. Miji ko uwa ko yaya da ta saya mata ƙwayar tun da wuri ta ɗauke mata nauyin yin magana.

Akwai matan da likita kan rubuta wa adadi mai yawa, miligiram 5 a kullum. Daga cikinsu akwai wadda ta taɓa haihuwar jariri mai wannan lahani, da mai shan maganin farfaɗiya, da mai ciwon suga tun kafin ciki, da mai sikila, wadda jikinta yake ƙera jini ba hutawa saboda saurin mutuwar ƙwayoyin jininta. A nan akwai abin lura, domin ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da aka fi samu a kemis sau da yawa ta miligiram 5 ce, wato ta ninka abin da mace mai lafiya take buƙata fiye da sau goma sha biyu. Wannan adadi yana rage ƙarfin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki a wurin awo, wanda aka fi sani da Fansidar, wanda ake fara sha daga mako na 13, a riƙa maimaitawa da tazarar aƙalla wata guda. Adadin miligiram 0.4 ba ya yi masa wannan illa. Saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin, kuma mai shan ta miligiram 5 ta sanar da ma'aikaciyar awo kafin a ba ta Fansidar, domin a tsara mata yadda za ta haɗa su.

Abinci yana da nasa rabon, domin buƙatar mai ciki gaba ɗaya takan kai maikirogiram 600 a rana, ta mai shayarwa kuma 500. Wake da gyaɗa da alayyafo da zogale da rama da kuɓewa ɗanya da latas da lemon zaƙi da gwanda nunanna duk suna ɗauke da shi. Sai dai yana narkewa a cikin ruwa, kuma doguwar dahuwa tana lalata shi. Idan aka dafa zogale ko rama har suka yi ligif, aka tsiyaye ruwan aka zubar, aka matse ganyen don yin kwaɗo, to kaso mai yawa ya bi ruwan. Gara a sa ruwa kaɗan, a taƙaita dahuwar, a zuba ragowar ruwan a miya idan ba mai ɗaci ba ne, alayyafo kuma a sa shi daf da sauke tukunya. Hanta tana da folik asid da sinadarin ƙarfe sosai, amma tana da bitamin A mai yawan da zai iya cutar da ɗan tayi, don haka a guje ta a watanni ukun farko, bayan nan ma kada ta zama abincin kullum.

Ƙwayar ƙarin jini da abin da ake kora ta da shi

Ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari kafin ta haihu, kuma cikin gaba ɗaya yana cin kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe, tsakanin abin da ɗan tayi da mabiyiya suke ɗauka da ƙarin jinin uwar da kuma wanda za ta zubar wajen haihuwa. Abinci kaɗai da wuya ya biya wannan. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya gano cewa kusan kashi 61 cikin ɗari na masu juna biyu suna da ƙarancin jini. Ana cewa jinin mai ciki ya yi ƙasa idan gwaji ya nuna sinadarin da ke sa jini ya yi ja ya gaza giram 11 a kowane mililita 100 na jini, idan kuwa ya gaza 7 to ya yi tsanani, kuma irin wannan mace zubar jinin da wata za ta jure wajen haihuwa yana iya halaka ta.

Abin da aka tsayar shi ne miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe a kullum tare da folik asid, kuma a wuraren da ƙarancin jini ya yawaita kamar namu an fi son 60. Wasu asibitoci sun fara bayar da ƙwaya guda mai haɗe da sinadarai 15, wadda ta ƙunshi ƙarfe da folik asid da aidin da sauransu. Wadda aka ba irin wannan ba ta buƙatar ta ƙara wata a kai sai da umarnin ma'aikatan lafiya.

A kora ƙwayar da ruwa, ko da ruwan lemon zaƙi, ko a bi ta da gwaiba ko mangwaro, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotse ƙarfen. Shayi da kofi da goro suna da sinadarin da yake ɗaure ƙarfe ya hana shi shiga jini, madara da nono kuma suna gasa da shi saboda kalsiyam ɗin da ke cikinsu. Matar da take karya kumallo da shayi mai madara sannan ta haɗiye ƙwayar a kai tana iya yin watanni tana sha jininta bai hau ba, har a fara zargin maganin. A bar tazarar awa biyu tsakaninsu. Wadda ƙwayar take tayar wa zuciya da safe ta mayar da ita dare bayan ɗan abinci mara nauyi. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne, idan kuma ya yi tauri to ruwa da ganye da 'ya'yan itatuwa ne maganinsa, ba daina ƙwayar ba. Maganar da ake yaɗawa cewa ƙwayoyin awo suna sa jariri ya yi ƙaton da zai gagari haihuwa ba ta da tushe. Abin da aka tabbatar shi ne suna rage haihuwar jariri mara nauyi, kuma uwa mai isasshen jini ta fi ƙarfin naƙuda. A ajiye su inda yara ba za su kai ba, domin jajayen ƙwayoyin suna kama da alewa, kuma yaro ƙarami da ya haɗiye da yawa yana cikin haɗarin mutuwa.

Kwaɗayin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, wanda ake ɗauka ɗabi'ar masu ciki ce kawai, sau da yawa alama ce ta ƙarancin ƙarfe. Ƙasar kuma tana ƙara dagula lamarin, domin tana ɗaure ƙarfen da ke cikin abinci, tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, an kuma samu dalma a cikin wasu nau'o'inta da ake sayarwa. Mai wannan kwaɗayi ta faɗa a wurin awo a duba jininta. Tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro su ma suna cinye jini, shi ya sa ake ba da maganin tsutsa bayan wata uku na farko, ake kuma nanata kwana cikin gidan sauro.

Ruwa: nawa, yaushe, kuma wane iri

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa mace tana buƙatar lita 2 na ruwa a rana, har da wanda ke cikin abinci, mai ciki ta ƙara mililita 300, mai shayarwa kuma ta ƙara 700. An yi wannan lissafi ne don ƙasashe masu matsakaicin yanayi. Matar da take girki da itace a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, gumi kaɗai zai fitar mata da abin da ya fi wannan ƙarin. Abin da ya fi dacewa a aikace shi ne mai ciki ta sha lita 2 zuwa 2 da rabi na ruwa zalla, wato ledar ruwa huɗu zuwa biyar tun da kowace rabin lita ce, ta ƙara a kan haka a bazara ko ranar aiki mai nauyi. A lokacin hunturu ma a kula, domin sanyi yana kashe ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana janye ruwa ta numfashi da fata.

Ma'aunin da ya fi kowane lissafi shi ne launin fitsari. Idan ya fito fari-fari da ɗan ruwan ɗorawa, ruwan ya isa. Idan ya yi duhu, ya yi kaɗan, ya yi wari, to jiki yana neman ƙari. A lura cewa ƙwayoyi masu bitamin B sukan rina fitsari ya yi ɗorawa shar na 'yan awoyi bayan an sha su, don haka a duba na wani lokacin dabam.

A rarraba shan a tsawon yini. Hanya mai sauƙin riƙewa ita ce a ɗaura shi da abin da ake yi kullum: kofi ɗaya da tashi daga barci, ɗaya ko biyu bayan kowace salla, ɗaya tare da kowane abinci. A fi sha da rana, a rage awa biyu kafin kwanciya, domin a sassauta tashin dare. Mata da yawa suna rage ruwa da gangan saboda yawan fitsari, musamman ranar awo ko ranar tafiya ko a wurin aikin da ba shi da makewayi mai tsabta. Wannan yana buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara, wanda a jikin mai ciki yakan hau zuwa ƙoda da sauri, har ya tayar da naƙuda kafin lokaci. Haka nan rage ruwa ba ya sauke kumburin ƙafa. Kumburin da yake zuwa da yamma ya sauka da safe nauyin mahaifa ne a kan jijiyoyin jini, kuma ɗaga ƙafafu da kwanciya ta gefen hagu ne suke sauƙaƙa shi. Wadda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda ita kaɗai ce wannan bayani bai shafa ba, ta tsaya a kan adadin da aka ba ta.

Kunu da koko da fura da romo da kankana duk suna shiga lissafi. Lemon kwalba da zoɓo ko kunun zaƙi da aka cika wa sukari ba su kamata su maye gurbin ruwa ba, balle ga wadda aka ce sukarinta ya hau. Nonon da za a dama fura da shi ya zama an tafasa madararsa kafin a kwantar, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da kan jawo ɓari. Shayi kofi ɗaya ko biyu a rana ba laifi, amma mai haɗa shayi mai kauri da kofi da goro a yini guda ta rage.

Tsabtar ruwan ma ba ƙaramin abu ba ce. Akwai nau'in ciwon hanta da ake kira Hepatitis E, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa. Ga yawancin mutane yakan warke da kansa, amma ga mai tsohon ciki yana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda suka kamu. Ɓarkewarsa a yankin Diffa na Nijar a 2017 ta fi yin kisa a tsakanin masu juna biyu. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa a tafasa shi har ya yi minti guda yana tafarfasa, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin su Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardarsa. A rufe randa, a keɓe mata moɗa guda mai mariƙi wadda ba a sha da ita kai tsaye, a ƙara kula da damina lokacin da kwalara take yawo.

Idan laulayi ya zo da amai, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, cokali biyu ko uku duk bayan 'yan mintoci, tsakanin abinci maimakon tare da shi. Amai da gudawa suna fitar da gishirin jiki tare da ruwa, kuma ruwa zalla ba ya mayar da shi, don haka a nemi garin ORS na kemis a narkar da shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledarsa. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kada a ƙara gishirin a kan haka, kuma a zubar da abin da ya kwana ya wuni. Wadda ta yi yini guda ba abin da yake zama a cikinta, ko ta yi awa takwas ba ta yi fitsari ba, ko jiri yake ɗibarta idan ta miƙe, asibiti za a kai ta a ƙara mata ruwa.

Gishiri, aidin da kalsiyam

Ba a hana mai ciki gishiri, kuma barinsa gaba ɗaya ba ya kare ta daga jijjiga. Abin da ake so shi ne kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya a shafe, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi da garin ɗanɗano na taliyar yara da yajin tsire. Wanda za a yi amfani da shi ya zama mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun farkon shekarun 1990. Mai ciki da mai shayarwa suna buƙatar maikirogiram 250 na aidin a rana, kuma ƙarancinsa, ban da maƙoƙon da yake fitar wa uwa, yana tauye ginuwar ƙwaƙwalwar yaro ta yadda ba a iya gyarawa daga baya. A sayi gishirin leda mai tambarin aidin maimakon na awo da yake shan rana a faranti a kasuwa ko na gargajiya irin su manda, a ajiye shi a rufe nesa da murhu, a zuba shi kusa da ƙarshen girki.

Kalsiyam yana gina ƙashin jariri, yana kuma da wani amfani da ba a cika sani ba. A al'ummomin da abincinsu ba shi da kalsiyam sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba masu ciki giram 1.5 zuwa 2 a rana, a raba shi sau uku tare da abinci, domin rage haɗarin hawan jinin ciki da yake kai wa ga jijjiga. Wadda aka ba shi ta raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awoyi, misali kalsiyam tare da abincin safe da na rana da na yamma, ta ƙarfe kuma lokacin kwanciya. Kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu da riɗi da kuka da zogale suna ƙara shi, fitowa hantsi na ɗan lokaci kuma yana ba jiki bitamin D da yake taimakawa wajen tsotse shi, abin da matan da ba su cika fita tsakar gida ba ya kamata su kula da shi. Ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare tana yawan samun masu tsohon ciki, kuma miƙar da ƙafa kafin barci da cin wake da ayaba da dabino da gyaɗa sukan taimaka. Amma ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a saman ciki ta dama, ko awon jini da ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20, ba abin da za a gyara da abinci ba ne. A tafi asibiti a ranar.

Kanwa da jego

Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, wanda shi ne ɓangaren gishiri da yake riƙe ruwa a jiki yake kuma hawar da jini. Ɗan abin da ake jefawa a miyar kuka ko a tukunyar wake ba shi da yawa, ko da yake yana lalata bitamin C na ganye, kuma jiƙa wake tun dare yana sa ya dahu ba tare da ita ba. Kunun kanwa na jego wani abu ne dabam, domin ana zuba ta da yawa, ana kuma sha kullum har a yi arba'in, tare da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, a wasu gidajen har da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi.

A kwanakin da suka biyo bayan haihuwa, ruwan da ya taru a jikin mace tsawon wata tara yana komawa cikin jijiyoyin jini kafin ƙoda ta fitar da shi, kuma a makon farko ne hawan jinin bayan haihuwa ya fi bayyana. Loda sodiyam a wannan lokaci yana hana ruwan fita, zafi mai tsanani kuma yana tilasta wa zuciya ta ƙara gudu. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, da suke aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun rubuta cewa kimanin mace ɗaya cikin ɗari a tsakanin Hausawan yankin tana samun gazawar zuciya bayan haihuwa, adadin da yake cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya, suka kuma danganta shi da waɗannan al'adu. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, ya nuna cewa lamarin ya fi haka faɗi, domin hawan jinin ciki da rama da talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam sun fi fitowa fili a matsayin dalilai. Wannan bai wanke kanwa ba ga matar da jininta ya riga ya hau ko zuciyarta ta riga ta raunana, kuma ba a gane irin wannan mace da ido.

Iyaye mata da suke kula da mai jego suna yin haka ne don ta yi ƙarfi nono ya zo, kuma ana iya cimma wannan ba tare da haɗarin ba. A dama kunun gero ko na gyaɗa ko na tsamiya ba kanwa, a yi wanka da ruwa mai ɗumin da hannu zai iya jurewa, a ci gaba da ba ta romon nama da kifi da ƙwai da miyar ganye. Duk wadda aka ce jininta ya hau a lokacin ciki kada ta kusanci kunun kanwa ko kaɗan, kuma a auna jininta cikin makon farko. Mai jegon da take haki idan ta ɗan motsa, ko ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, ko take tari da dare, ko ƙafafunta suke ƙara kumbura maimakon kumburin ya sauka, zuciya ce ake zargi. Ƙara mata zafin ruwan wanka da sunan sanyi ne ya shige ta yana ƙara tura ta cikin haɗari.

Shayarwa da azumi

Nonon uwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, kuma mai shayar da jariri nono zalla tana fitar da kimanin mililita 750 a rana. Ta ajiye ruwa kusa da inda take zama, ta sha kofi guda duk lokacin da ta sa jariri a nono, ƙishirwar ma takan zo da kanta a daidai lokacin. Ɗura ruwa fiye da buƙata ba ya ƙara nono. Abin da yake ƙara shi shi ne yawan tsotso da kama nono daidai. Jaririn kuwa ba ya buƙatar ruwa har ya cika wata shida, ko da a tsakiyar bazara ne, domin nonon da yake fara fitowa a kowane tsotso tsararo ne mai kashe ƙishirwa. Ruwan da aka ba shi yana cika masa ƙaramin cikinsa ya rage tsotso, yana kuma iya kawo masa gudawa. Idan zafi ya yi yawa, uwa ce za ta ƙara shan ruwa, shi kuma a ƙara sa shi a nono. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, a ba shi tun cikin awar farko, kada a matse a zubar.

A ci gaba da shan ƙwayar ƙarfe da folik asid na mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, fiye da haka ma ga wadda ta zubar da jini da yawa idan an umarce ta. Matar da ba ta fara tazarar haihuwa ba tana iya ɗaukar wani cikin kafin ta ga al'ada, don haka ita ma ta koma kan maikirogiram 400 na kullum da zarar ƙwayoyin jego sun ƙare.

Game da azumin Ramadan, shari'a ta yi rangwame ga mai ciki da mai shayarwa idan suka ji tsoron cutuwa ga kansu ko ga ɗansu, kuma malamai su ne za su yi bayanin ramuwa da ciyarwa. Ta fuskar lafiya, mai ƙarancin jini, da mai hawan jini, da mai ciwon suga ko sikila, da mai cikin tagwaye, da mai laulayin amai, da mai jaririn da bai kai wata shida ba kuma nono ne kaɗai abincinsa, sun fi kowa dacewa da karɓar rangwamen. Wadda ta ga za ta iya, bayan ta yi shawara a wurin awo, ta raba lita biyu zuwa uku tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon ta kwankwaɗe su lokaci guda, ta jinkirta sahur, ta rage gishiri da soye-soye da shayi a cikinsa, ta sha ƙwayar ƙarin jini awa biyu bayan shayin buɗa-baki, ta kuma guji tsayuwa a rana ko a bakin murhu da tsakar yini. Idan jiri ya kama ta, ko fitsarinta ya yi duhu ƙwarai, ko mararta ta fara ɗaurewa a kai a kai, ko ta ji motsin ɗan cikin ya ragu, ta sha ruwa nan take, in motsin bai dawo yadda ta saba ji ba cikin awa biyu a kai ta asibiti.